Auren jinsi: Yadda ɓaraka ta kai Cocin Angilikan gaɓar rabuwa

Naɗin Sarah Mullally a watan Oktoban 2025 a matsayin Akbishop ɗin Kantabiri, mace ta farko da ta hau wannan kujera, ya fama wani tsohon miki a Cocin Angilikan mai mabiya kimanin miliyan 85 a duniya. Ba a yi mako biyu ba ƙungiyar GAFCON, ƙarƙashin Akbishop Laurent Mbanda na Ruwanda, ta shelanta cewa ta daina amincewa da jagorancin Kantabiri.

Rikicin ya daɗe yana ruruwa. A taron Lambeth na 1998, bishop-bishop suka zartar da ƙudurin da ya ce luwaɗi da maɗigo sun saɓa wa Littafi Mai Tsarki. Sai dai a 2003 reshen Amurka ya naɗa Gene Robinson, wanda ke zaune da abokin zamansa namiji, bishop a New Hampshire. Cocin Najeriya, a zamanin Akbishop Peter Akinola, ta cire sharaɗin alaƙa da Kantabiri daga tsarin mulkinta a 2005, sannan ta shige gaba wajen kafa GAFCON a birnin Ƙudus a 2008. Najeriya da Yuganda da Ruwanda sun ƙaurace wa taron Lambeth na 2022. Da Cocin Ingila ta amince da sa wa ma'aurata 'yan jinsi ɗaya albarka a 2023, tura ta kai bango.

Abin da ya sa sulhu ke wuya shi ne tsarin cocin kansa. Akbishop ɗin Kantabiri ba shi da ikon Fafaroma; kowane reshe cikin rassa 42 yana cin gashin kansa, don haka babu mai tilasta wa wani bin ƙudurin 1998. Ga kuma batun yawa: kujerun coci na ƙara zama wayam a Ingila, alhali a Afirka cika suke yi, kuma shugabannin nahiyar na ganin bai kamata 'yan tsiraru su riƙa shata wa masu rinjaye hanya ba.

Duk da haka, kan Afirka ba a haɗe yake ba. Reshen kudancin Afirka ya yi maraba da Mullally, Kenya kuma tana da bishop mata. Ko a gida, lokacin da tsohon Bishop ɗin Kaduna Josiah Idowu-Fearon ya zama babban sakataren haɗakar cocin a 2015, shugabannin Cocin Najeriya nesanta kansu suka yi da naɗin.

Idan rabuwar ta tabbata, rassan da ke samun tallafin makarantu da asibitoci daga Yamma, amma aƙidarsu ta fi kusa da GAFCON, su ne za su shiga tsaka mai wuya.