Raina Kama Ka Ga Gayya: Waƙafi, Nahawun Turanci da Takardun Gwamnati

A yawancin ofisoshin gwamnati, idan aka yabi ma'aikaci da iya Turanci, abin da ake nufi shi ne ya san manyan kalmomi. Wanda ya cika takarda da kalmomin da sai an buɗe ƙamus kafin a gane su, shi ake cewa ya sha boko. Waƙafi da aya da ruwa biyu kuwa an bar wa mai buga takarda, ko kwamfuta ta sa su inda ta ga dama. A ganina mun ɗauki al'amarin a baibai. Abin da ke kai hukuma kotu, ya riƙe kuɗin ɗan kwangila, ko ya jefa ƙananan ma'aikata cikin ruɗani, galibi 'yar ƙaramar alama ce da aka sa inda bai dace ba, ko gajeriyar kalma da aka ɗauka kowa ya san ma'anarta. Saboda haka ƙa'idojin rubutu a takardar gwamnati magana ce ta dukiyar jama'a da haƙƙin mutane, kuma ya kamata a riƙe su da irin muhimmancin da ake ba alƙaluman kasafin kuɗi.

A jihar Maine ta Amurka akwai dokar da ta wajabta a biya ma'aikaci kuɗin ƙarin lokaci, amma ta ware wasu ayyuka da suka shafi kayan abinci masu saurin lalacewa, ta ce ban da su. A da, dokar ta jero ayyukan ɗaya bayan ɗaya da waƙafi a tsakaninsu, irin su sarrafawa da busarwa da adanawa, har ta zo ƙarshen jerin ta ce "packing for shipment or distribution". Babu waƙafi kafin kalmar "or". Direbobin kamfanin madara na Oakhurst suka kai ƙara, suka ce wannan gaɓa aiki guda take nufi, wato ɗaure kaya domin a aika ko a rarraba. Su kuwa ba sa ɗaure kaya, rarrabawa kawai suke yi, don haka ba a ware su ba, sai a biya su. Kamfanin ya ce ayyuka biyu ne, ɗaure kaya daban, rarrabawa daban. A watan Maris na 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa jimlar tana ɗaukar fassara biyu, kuma a dokar ƙwadagon jihar idan aka sami haka, fassarar da za ta amfani ma'aikaci ake ɗauka. A 2018 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5. Abin lura shi ne, jagorar rubuta dokoki ta jihar ce da kanta ta hana sa waƙafi kafin abu na ƙarshe a jeri. Masu rubuta dokar ƙa'ida suka bi, amma ba su tsaya sun karanta jimlar da idon wanda zai nemi kafa a cikinta ba.

Tun kafin wannan, gwamnatin Amurka ta taɓa ɗanɗana irin wannan asara a baitulmalinta. A dokar kuɗin fito ta 1872 an yi nufin yafe haraji ga tsiron itatuwan marmari da ake shigo da su domin dashe. Wajen kwafe dokar sai waƙafi ya faɗa tsakanin "fruit" da "plants", jimlar ta koma tana yafe haraji ga 'ya'yan itatuwan kansu. Masu shigo da lemo da sauran kayan marmari suka nemi a mayar musu da abin da suka biya. Kafin majalisa ta gyara kuskuren a 1874, gwamnati ta yi asarar kimanin dala miliyan 2, a kuɗin wancan zamani.

Ba sai mun tsallaka teku ba. Sashe na 134(2) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan takarar shugaban ƙasa zai ci zaɓe idan ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya sami aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu bisa uku na dukkan jihohi "and the Federal Capital Territory, Abuja". Bayan zaɓen 2023 ƙasar nan ta kwashe watanni tana muhawara a kan wannan "and". Shin tana nufin a lissafa Abuja cikin jerin jihohi ne, ko tana nufin Abuja sharaɗi ce mai zaman kanta da dole ɗan takara ya cika? Manyan lauyoyi suka rabu gida biyu, har Kotun Ƙoli ta rufe maganar ranar 26 ga Oktoba, 2023, inda ta tabbatar da cewa Abuja ba ta da wani matsayi na daban a wannan lissafi. A 1979 ma makamanciyar wannan gaɓa ce ta kai Cif Obafemi Awolowo da Alhaji Shehu Shagari gaban Kotun Ƙoli, aka yi ta ja-in-ja a kan ko kashi biyu bisa uku na jihohi 19 jihohi 13 ne, ko 12 da kashi biyu bisa uku na ƙuri'un jihar Kano. Ko wane ɓangare mutum ya goyi baya a shari'un biyu, zai yarda cewa da masu rubutun sun ƙara layi ɗaya mai fayyace nufinsu, da an huta da rabin rigimar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai karanta Hausa ya fi kowa cancantar gane wannan batu, domin a rubutunmu 'yar ƙugiya ce ke raba "baki" da "baƙi", ta raba "kasa" da "ƙasa", ta raba "kafa" da "ƙafa". Wanda ya san ƙugiya ɗaya na iya mayar da gayyatar baƙi wani abu dabam, bai kamata ya yi mamakin aikin waƙafi a Turanci ba. Ga misali daga irin takardun da ke zagaya ma'aikatu a lokacin tantance ma'aikata. Idan aka rubuta "Staff who have not been verified will not be paid", ma'anar ita ce waɗanda ba a tantance ba su kaɗai ne ba za a biya ba. Idan aka sa waƙafi bayan "Staff" da kuma bayan "verified", jimlar ta koma cewa dukkan ma'aikata ba a tantance su ba, kuma babu wanda za a biya. Kalmomin ba su canza ba ko ɗaya. Alamomi biyu ne suka raba tsakanin hukuncin da ya shafi mutum ɗari da wanda ya shafi ma'aikata gaba ɗaya.

Bayan alamomi, Turanci yana da wasu halaye da ke yi wa mai rubutu tarko. Kalmar "sanction" tana nufin amincewa, tana kuma nufin hukuntawa, don haka idan aka ce minista ya yi "sanction" na wani mataki, sai mai karatu ya nemi ƙarin bayani kafin ya san yabo ne ko horo. Kalmar "oversight", wadda ake amfani da ita ga aikin sa ido na kwamitocin Majalisar Tarayya, ita ce kuma ake kiran kuskuren da aka yi bisa rashin lura da ita. "Biweekly" na iya zama sau biyu a mako, ko sau ɗaya a mako biyu, kuma ƙamus ya yarda da duka biyun. A majalisar Ingila, da tamu da ta gaji salonta, idan aka ce an yi "table" na ƙuduri, an gabatar da shi ke nan domin a tattauna. A majalisar Amurka kuwa an jingine shi ne. Haka kwanan wata: 03/04/2025 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurin Ba'amurke kuwa 4 ga Maris. Jami'in da ke musayar takardu da masu ba da lamuni ko ofisoshin jakadanci zai iya makara da wata guda, ko ya riga lokaci da wata guda, saboda wannan kaɗai.

Mafi haɗari a cikinsu su ne "shall" da "may". A ƙa'idar da kotuna suka saba bi, "shall" wajibci take nunawa, "may" kuma zaɓi, sai dai idan yanayin dokar ya nuna akasin haka. Amma a takardu da yawa ana zuba "shall" ne don takarda ta yi kwarjini, har a wuraren da ba a nufin tilasta wa kowa komai. A wasu wuraren kuma ana sa "may" don ladabi, alhali umarni ake nufi. Ranar da aka sami saɓani, lauyan ɗaya ɓangaren ba zai tambayi abin da ke zuciyar marubuci ba, abin da ke kan takarda zai karanta wa alƙali.

Akwai masu cewa wannan duk bautar harshen Bature ce, kuma Turancinmu na Nijeriya ya isa ya tsaya da ƙafarsa. Maganarsu tana da ƙanshin gaskiya. A watan Janairu na 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Nijeriya, ciki har da "okada" da "danfo" da "Kannywood". Babu dalilin da zai sa ma'aikaci ya ji kunyar yadda yake Turanci a taro ko a hira. Sai dai cikin waɗancan kalmomi akwai "severally", wadda mu muke nufin "sau da yawa" da ita. A harshen shari'a kuwa, a inda ake cewa "jointly and severally", ma'anarta kowa shi kaɗai zai iya ɗaukar alhakin bashin. Hira tana yafe irin wannan bambanci domin mai sauraro na iya tambaya nan take. Yarjejeniyar da za a karanta bayan shekara goma, a gaban mai sasanci a Landan ko Faris, ba ta da bakin da za ta yi ƙarin bayani. Sashe na 55 na kundin tsarin mulki ya tanadi cewa Majalisar Tarayya za ta iya gudanar da aikinta da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi shirin da ya dace. Har zuwa ranar da hakan zai tabbata, da Turanci ake rubuta dokokinmu da kwangilolinmu, kuma wanda aka damƙa wa alƙalamin jama'a wajibi ne ya ƙware a kayan aikin da ke hannunsa.

Tushen matsalar a ofisoshinmu sananne ne. Sabon ma'aikaci yana koyon rubutu ne ta hanyar buɗe tsohon fayil ya kwafi salon wanda ya gabace shi, tare da kurakuransa. Daga nan ya gaji jimla mai layi takwas da ba a san inda ta dosa ba, ya gaji salon ɓoye mai aikatawa, irin su "it has been observed" da "should be submitted", inda ba a faɗi wanda zai miƙa ba, ba a faɗi wanda za a miƙa wa ba, ba a kuma faɗi rana ba. Turawan Ingila da muka gaji wannan salo daga gare su sun daɗe da gane illarsa. Baitulmalinsu ne ya nemi Sa Ernest Gowers, wani gogaggen ma'aikacin gwamnati, ya rubuta wa ma'aikata jagorar rubutu mai sauƙi, aka buga ta a 1948 da sunan Plain Words. Amurka kuma a 2010 ta kafa doka sukutum da ta wajabta wa hukumomin tarayya rubuta takardun da suka shafi jama'a cikin harshen da za su gane. Mu ne muka riƙe rigar da masu ita suka tuɓe tun tuni.

Gyaran ba ya buƙatar kasafi mai yawa. Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya zai iya fitar da gajeriyar jagora guda da dukkan ma'aikatu za su bi, wadda za ta tsayar da matsaya a kan waƙafin ƙarshen jeri, ta ce a riƙa rubuta sunan wata da haruffa, a rubuta adadin kuɗi da alƙaluma da kuma kalmomi, a keɓe "shall" ga wajibci kaɗai. Jarrabawar ƙarin girma ta haɗa da aikin gyara takarda mai harshen damo. Duk takardar umarni ko yarjejeniya, kafin ta isa teburin babban sakatare, a ba wani jami'in da bai san batun ba ya karanta, ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa. Idan abin da ya faɗa ya saɓa wa nufin marubuci, takardar za a gyara.

Mataimakan ministoci da na 'yan majalisa kuwa nauyinsu ya fi yawa, domin abin da suka rubuta da sunan maigidansu yake fita, kuma magana zarar bunu ce. Kada su dogara da manhajar gyaran rubutu ta kwamfuta, domin ba ta raba "principal" da "principle", ba ta kuma lura idan "not" ta faɗi daga jimla, tunda abin da ya rage Turanci ne ingantacce. Kafin a tura sanarwa ga 'yan jarida, a buga ta a takarda, a karanta da babbar murya, a tsaya a kan kowane waƙafi da kowace "and" da "or", a tambayi kai ko akwai wata hanya ta biyu da mai neman rigima zai iya karanta wurin. Idan akwai, a raba jimlar gida biyu.