Sifana mai awo: ƙarama ta fi dacewa da keke

Masu gyaran keke da yawa sun gaji ƙa'ida guda: a ɗaure noti har sai ya ƙi juyawa. Wannan ƙa'ida ta yi wa tsofaffin kekunan ƙarfe irin su Raleigh da Phoenix daidai, domin ƙarfe yana da haƙuri. Amma kekunan gwanjo da ke shigowa daga Turai a yau, akwai na alminiyam a cikinsu, wasu ma na kabon. Idan aka matse alminiyam fiye da kima, haƙoran ramin da noti ke shiga sai su cinye. Kabon kuwa tsagewa yake yi daga ciki, ido bai gani ba, sai ranar da kan keke ya karye a hannun mahayi yana tsakiyar gudu.

Maganin wannan shi ne sifana mai awo, wadda ke auna ƙarfin murɗi da ma'aunin Nm. Nm ɗaya ya yi kusan daidai da nauyin giram 100 da aka rataya a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya. Notunan da ke riƙe kan keke da sandar sirdi galibi Nm 4 zuwa 6 suke buƙata, kuma kamfanoni sukan rubuta adadin a jikin kayan. Zoben da ke kulle giyoyin baya kuwa yana buƙatar Nm 40, feda ma kusan haka.

Ra'ayina shi ne, wanda kuɗinsa bai wuce na sifana ɗaya ba, ya sayi ƙarama, mai awo daga Nm 2 zuwa 14 ko makamancin haka. Haɗarin yana wajen ƙananan notuna, inda ɗan ƙari kaɗan ke jawo ɓarna. Babbar sifanar bakanikan mota ba ta da amfani a nan, domin awonta yakan fara ne sama da abin da waɗannan notuna ke ɗauka.

Iri uku aka fi samu. Akwai mai allura, wadda sandarta ke lanƙwasa tana nuna adadi. Tana da araha, kuma da wuya awonta ya gurɓace. Akwai mai ƙara, wadda ke yin "ƙas" idan an kai adadin da aka saita. Tana da daɗin aiki, sai dai dole a mayar da ita adadi mafi ƙanƙanta bayan an gama, don kada sifirin ɗinta ya gaji. Ƙa'idar ISO 6789 ta ba da shawarar a gwada ingancin awo bayan watanni 12 ko amfani sau 5,000. Sai kuma wadda aka saita tun daga masana'anta a kan adadi guda, kamar Nm 5. Inda babu wurin gwajin awo a kusa, mai allura na fi amincewa da ita.

Wani zai ce hannun gwani ya isa. Gaskiya ne gwani ya san ƙarfe, amma kabon ba ya gargaɗi kafin ya tsage, kuma kuɗin sifana bai kai na sabon firam ba, balle na jinyar karaya. Wanda ya saya ya kiyaye abu biyu: kada ya kwance noti da ita, kuma da zarar ta yi ƙara ya tsaya.