Sharhi: Bayan kashe gobarar daji, sauran aikin ceto ƙasa da ruwan sha

A ranar 6 ga watan Afrilun 2022, ma'aikatan Hukumar Kula da Gandun Daji ta Amurka suka cinna wuta da gangan a wani daji na jihar New Mexico, domin rage busassun itatuwan da ka iya haddasa babbar gobara. Iska ta ƙwace wutar daga hannunsu. Daga bisani ta haɗe da wata wadda ta taso daga tarin itacen da hukumar ta ƙona tun watan Janairu, suka laƙume sama da eka 340,000. Jihar ba ta taɓa ganin gobara mai girmanta ba.

Sai dai mazauna ƙaramin garin Las Vegas na jihar, su kimanin 13,000, sun fi jin jiki ne da saukar damina. Ruwan sama ya kwaso toka da laka daga ƙonannun tsaunuka ya zuba a Kogin Gallinas, wanda garin ya dogara da shi wajen ruwan sha. A watan Yulin shekarar aka ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa. Diyyar da majalisar dokokin ƙasar ta ware wa waɗanda gobarar ta shafa a 2022 ta kai kusan dala biliyan 4.

Dalilin a fili yake. Wuta mai tsanani na cinye ganyaye da ciyayin da ke rufe ƙasa, ta kuma bar wani maiƙo a cikinta wanda ke hana ruwa tsotsewa. Da zarar an yi ruwa, sai ya gangaro da ƙarfi yana ɗebe ƙasa da duwatsu. Irin wannan gangarowar laka ce ta hallaka mutum 23 a garin Montecito na jihar Kalifoniya a watan Janairun 2018, makonni kaɗan bayan gobara.

Shi kansa aikin kashe wutar yana da tasa ɓarnar. Hanyoyin da katafila ke yankewa domin tare wuta kan zama kwazazzabai idan aka bar su haka. Sinadarin da jirage ke fesawa kuma yana kashe kifi idan ya faɗa rafi, shi ya sa ƙa'idar hukumar ta hana fesa shi ƙasa da ƙafa 300 daga bakin ruwa, sai in rayuka na cikin haɗari. Duk da haka, a 2023 wata kotun tarayya a jihar Montana ta ce hukumar ta saɓa wa dokar tsabtar ruwa, ko da yake ba ta hana ta ci gaba da feshin ba.

Magungunan sanannu ne: a yi kunyoyi a gicciye kan hanyoyin katafila domin karya ƙarfin ruwa, a baza busasshiyar ciyawa kan gangare, a kwantar da gumagumai su tare laka, a kuma bar itatuwan bakin rafi a tsaye. Matsalar ita ce lokaci, domin tsakanin mutuwar wuta da ruwan farko sau da yawa makonni ne kawai.

Saboda haka, tilas ne a san rafukan da jama'a ke sha daga gare su, a kuma tanadi kuɗin gyara, tun kafin a ƙyasta ashana. Wanda ya jira sai kogi ya yi baƙi da toka, ya riga ya makara.