Mun Biya Kuɗin Kujera, Mun Manta da Wanda Zai Zauna a Kanta

Wani abokin karatuna da ke aiki a Abuja ya kira ni kwanakin baya yana neman shawara. Shi da maiɗakinsa suna shirin yin mako guda a cikin jirgin ruwan shaƙatawa, irin wanda kamfanin Aroya na Saudiyya ya fara tasowa da shi daga Jidda zuwa cikin Bahar Maliya tun Disambar 2024. Ya kwana uku yana auna takardun inshora. Ya gano cewa likitan cikin jirgi ba kyauta yake duba mutum ba, cewa ɗauko marar lafiya daga tsakiyar teku zuwa asibitin tudu na iya lashe abin da ya tara a shekaru, cewa idan jirgin sama ya makarar da shi har na ruwa ya tashi, kuɗinsa sun bi ruwa sai fa in takardarsa ta ambaci hakan. Na yaba masa, domin ya yi abin da mai hankali ke yi. Sannan na tambaye shi: azumin da ya wuce ka tura Hajiya Umara, wace inshora ke kanta?

Ya yi shiru. Can ya ce, "Ai ejan ne ya yi komai."

Ba don in tozarta shi na kawo wannan ba, domin ni ma na taɓa ba da irin amsar, kuma tawa ta zo da hasara. Shekaru kaɗan da suka wuce muka haɗa kuɗi muka tura gwaggona, ƙanwar mahaifina da ke Jangebe, tare da ɗanta na biyu, ta hannun wani kamfanin jirgin yawo. Tana da hawan jini, kowa ya sani, ba wanda ya tambaya, ba wanda ya rubuta. Kwana huɗu da isarsu Madina ta yanki jiki ta faɗi, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Ɗan nata, manomi ne da bai taɓa fita ƙasa ba, ya ruga da ita asibitin kuɗi mafi kusa, ya zazzage guzurinsu gaba ɗaya. Ayarinsu ya gama ibada ya dawo gida. Tikitinsu ya mutu. Likita ya ce ba za ta hau jirgi a zaune ba tukuna. Suka ƙara makonni, masauki da abinci da sabon tikiti duk a wuyanmu. A gida aka kai shanun huɗa biyu kasuwa, aka jinginar da gonar fadama.

Sai bayan ta dawo, ina jujjuya takardunta, na fahimci cewa a cikin kuɗin bizar da muka biya akwai inshorar lafiya. Na kira mai kamfanin. Ya ce, "Yallaɓai, ai wannan ta biza ce kawai." Rasit ɗin asibitin kuwa, wanda da shi ake neman a mayar wa mutum da kuɗinsa, ɗan gwaggo ya bar shi a kwandon sharar masauki, domin ba wanda ya gaya masa takarda ce mai daraja. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Ga abin da ya kamata a ce mun sani. Tun farkon 2020 Saudiyya ta wajabta inshora a kan duk mai shiga ƙasarta da bizar Umara, ta cusa kuɗin a cikin kuɗin biza. A Janairun 2023 ta rage farashin daga riyal 235 zuwa riyal 87. Tana ɗaukar jinyar gaggawa har riyal 100,000, da haɗari, da jinkiri ko soke tashin jirgi, na tsawon kwana 90 daga ranar shiga. Wannan haƙƙi ne da aka saya da kuɗi, ba alfarma ba. Ejan da ya karɓi miliyoyin talaka, ya miƙa masa fasfo da jaka mai tambarin kamfani, amma ya kasa ɗaukar minti biyar ya ce masa ga lambar da zai kira, ga asibitocin da zai nufa, ga takardun da zai adana, wannan ejan ya ci amana. Ba na neman wata kalma mai laushi. Kuma in ya ce shi ma bai sani ba, laifin ya ƙaru, domin sana'arsa ce.

To amma ko da gwaggo ta ci moriyar waccan inshora, da ba ta fitar da mu ba, kuma a nan ne nake son masu karatu su tsaya. Inshorar biza an yanka ta ne daidai bukatar mai masauki. Saudiyya na son kada baƙo ya bar mata bashin asibiti, kuma tana da gaskiyarta. Takardar tana aiki ne a cikin iyakokin masarautar. Ɗan rakiyar da ya zauna jinya, da gonar da ya bari ba shuka, da gashin ƙashi na watanni bayan an dawo gida, waɗannan damuwarmu ce mu kaɗai. Har ma takardun inshorar tafiya da ake sayarwa a duniya suna tinƙaho da alkawarin dawo da gawa gida, alhali babu Bahaushen da zai yarda a ɗauko gawar mahaifiyarsa daga Makka ko Madina. Addu'ar tsofaffinmu ke nan, a binne su can. Abin da muke bukata shi ne a dawo mana da mai rai wanda ba ya iya zama, tare da mai jinyarsa. An ɗinka rigar ne da awon wani, mu kuma muka saka muna murna.

Sai kuma togaciya, wato jerin abubuwan da kamfani ya ce ba ruwansa da su, wanda ake bugawa da ƙananan baƙaƙe a shafukan ƙarshe. Mafi yawan takardun tafiya suna togace cutar da mutum yake da ita tun kafin ya tashi, sai fa in ya bayyana ta an ƙara masa kuɗi. Da yawa suna da iyakar shekaru, ko su ninka farashi ga tsoho. Yanzu a dubi waɗanda muke turawa. Mutumin Bakura ko Maradun ba ya zuwa Makka yana ɗan shekara talatin. Yana zuwa ne bayan ya aurar da 'ya'ya, ya sayar da amfanin gona na shekaru, ko ɗansa ya samu aiki. Yana zuwa da ciwon suga, da hawan jini, da gwiwa mai ciwo. Kuma yana zuwa ƙasar da a Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum 1,301 suka rasu bisa ƙidayar hukumomin Saudiyya kansu, mafi yawansu waɗanda suka shiga ba da izinin Hajji ba, wato ba tanti, ba motar ayari, ba wata takarda da ke tsaye a kansu. Wanda ya saya wa tsohuwarsa inshorar da ta togace hawan jini, ya sayi laima ce mai huda daidai tsakar ka.

Akwai togaciyar da ta fi shafar mu mutanen wannan yanki, kuma ban ji ana maganarta ba. Shekara da shekaru maniyyatan Zamfara ta filin jirgin Sakkwato suka riƙa tashi. Kafin mutumin Jangebe ya ga jirgi, sai ya fita daga garin da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantarsu a daren 26 ga Fabrairun 2021, ya hau titin da kowane direba ya san inda ba a tsayawa da lokacin da ba a wucewa. Duk mai gaskiya ya san cewa kilomitocin farko na tafiyar sun fi dubban da ke gaba haɗari. Inshorar Saudiyya ba ta san da wannan titi ba. Takardun tafiya na kasuwa kuwa, da yawansu sai an ƙetare iyakar ƙasa suke fara aiki, kuma kusan dukkansu suna togace yaƙi da tarzoma, wasu har da ta'addanci da garkuwa da mutane. A Nuwambar 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, gwamnati ta buga hukuncin a jaridarta a Janairun 2022. Mun yi maraba da hukuncin, kuma ya dace. Sai dai duk wanda takardarsa ta togace ta'addanci, ya sani cewa lauyan kamfani ma ya karanta wannan hukunci.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini a zauren gidanmu. Na farko, inshora haramun ce. Wannan rabin fatawa ne, kuma rabin fatawa ya fi jahilci ɓarna. Gaskiya ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta haramta inshorar kasuwanci saboda gararin da ke cikinta. Amma a wannan ƙuduri ɗin dai ta halatta inshorar taimakekeniya, ta kuma yi kira da a kafa ta. Sudan ta riga ta buɗe kamfanin farko na irin wannan tun 1979. A nan gida hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, ta ba kamfanonin Noor da Jaiz lasisin yin takaful zalla a 2016. Tsarin ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi cikin gayya da gudummawar biki da ta mutuwa: kowa ya zuba a asusu da niyyar taimako, wanda masifa ta faɗa wa a ɗebo a ba shi, mai kula da asusun ya ɗauki ladan wakilcinsa, in an samu rara a raba wa masu zubi. Malamin da zai hau mumbari ya faɗi haramcin, ya sauka bai faɗi mafitar ba, ya bar almajiransa ne tsakanin zunubi da jinginar da gona. Maganar tawakkali kuwa, yaron makarantar allo ma ya san hadisin ɗaure raƙumi.

Na biyu ya fi ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban ji shi ba: kamfanonin inshora ba sa biya. Talaka bai ƙirƙiri wannan zato daga iska ba. Inshorar da ya sani ita ce ta mota, wadda aka ɗaga daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, wadda yake saya don ɗan sanda ya ɗaga masa hannu, ba don yana tsammanin ko sisi ba. Masana'antar da ta yarda ta zama takardar wuce shinge ita ta kashe mutuncinta da hannunta. Amma a duba abin da ke ɗaya gefen. Lokacin da ƙugiyar gini ta faɗo a Masallacin Harami ranar 11 ga Satumbar 2015, Sarki Salman ya ba da umarnin a ba iyalan kowane mamaci riyal miliyan ɗaya. Karamci ne babba, sai dai kyauta ce, kuma sai bayan shekaru ta isa hannun iyalai da yawa, ba wanda ke da bakin cewa an makara. Kwana goma sha uku bayan haka aka yi turmutsitsin Mina, inda Najeriya ta rasa alhazai fiye da ɗari biyu, cikinsu har da 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf. Kafin nan, ranar 11 ga Yulin 1991, jirgin da ya taso daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama da wuta ya hallaka mutum 261, a lokacin Mafara da Bakura da Maradun duk suna cikin jihar Sakkwato. Bambancin kyauta da yarjejeniya shi ne, mai yarjejeniya yana da wanda zai kai ƙara da takardar da zai nuna. Kamfanin da ke jan ƙafa ana iya kai shi gaban NAICOM ko kotu. Tausayin masu mulki ba a kai shi ko'ina.

Kujerar Hajjin 2025 ta haura naira miliyan takwas ga maniyyacin Arewa. Wanda ya karɓi irin wannan kuɗi daga hannun manomi, hukumar alhazai ce ta ƙasa ko ta jiha ko kamfanin jirgin yawo, wajibi ne a kansa ya ba shi shafi guda cikin Hausa, da boko da ajami, mai faɗin nawa aka cire na inshora, me ta ɗauka, me ta togace, wa za a kira, wace takarda za a adana. A karanta shi da babbar murya a wurin bita, kamar yadda ake koyar da ɗaura harami. Hukumar NAHCON, wadda ke ba kamfanonin jirgin yawo lasisi, tana da ikon sanya wannan cikin sharuɗɗan lasisin gobe da safe. Kamfanonin takaful kuma, in da gaske kasuwar Arewa suke so, su daina kwafo takardar da aka rubuta wa mai zuwa Turai neman biza. Su fito da wadda ke farawa daga ƙofar gida ta ƙare a ƙofar gida, wadda ta san da tsoho mai hawan jini, ta san da ɗan rakiya, ta kuma faɗi ƙarara matsayinta game da titin Sakkwato. In farashin ya yi tsada, a faɗa mana tsadar. Mun saba sayar da sa.

Sauran laifin namu ne, mu da aka kashe kuɗi aka kai makaranta. Mu ne ke karanta yarjejeniyar haya layi-layi, mu ne ke yi wa motocinmu cikakkiyar inshora, mu ne ke biyan ta Yuro 30,000 ba gardama idan ofishin jakadancin Turai ya nema. Da an zo kan iyayenmu sai mu tura kuɗi ta waya, mu sa hoton jaka da harami a WhatsApp, mu ce Allah Ya karɓa. Abokin nawa na Abuja ya sake kira bayan kwana biyu. Ya nemo bizar Hajiya ta bara, ya ga inshorar, ya ce yanzu yana neman wadda za ta ɗauki ciwon sugarta kafin azumi mai zuwa, kuma kamfani biyu sun riga sun ce masa shekarunta sun wuce iyakarsu. Gwaggo tana nan Jangebe, tana takawa da sanda. Gonar fadamar har yau ba mu fanso ta ba.