A Zana Taswirar Guba Tun Ba Ta Shiga Tukunya Ba

Jama'a, matar da ta sayi alayyafo ko wake a kasuwannin Tudun Wada ta Kaduna tana iya tsince tsakuwa, ta kuma wanke ƙasa, amma ba ta da idon ganin gubar da ta shige cikin ganye ko ƙwaya. Wannan aikin hukuma ne, kuma a ganinmu mafarinsa shi ne a zana taswira mai nuna inda guba take, da hanyar da take bi har ta iso akushi.

Mu tuna abin da ya auku a Zamfara cikin 1910 da ɗari, wato 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar Dareta da 'Yargalma da Bagega, mutane suka riƙa daka duwatsun zinariya cikin gida, ƙurar dalma ta gauraye da ƙasar tsakar gida da abinci, yara fiye da 400 suka rasu. Ba a ci ƙarfin abin ba sai da aka bi ƙauye ƙauye, gida gida, ana auna ƙasa ana rubutawa, sa'an nan aka kankare mai gubar aka zuba sabuwa. Bagega ba ta sami wannan gyara ba sai 2013.

To, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tun 1957 aka buɗe masaƙa ta farko a Kakuri, wasu suka biyo baya, ruwan rini ya shekara da shekaru yana gangarawa Kogin Kaduna. Galibin masaƙun nan sun rufe, amma irin su dalma ba sa ruɓewa cikin ƙasa, ga shi kuwa ana noman rani a bakin kogin.

Watakila wani ya ce taswira za ta kashe wa masu lambu kasuwa. Mu kuwa muka ce rashinta ya fi cuta. Cikin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda maganin ƙwari da ya wuce ƙa'ida. Ba a ware mai laifi ba, hukunci ya hau kan kowa. Lalle wake ɗaya shi ke ɓata gari. Da an san rumbun da ɓarna ta fito, da mai gaskiya ya tsira.

Saboda haka muna roƙon Hukumar NAFDAC da ma'aikatun lafiya da gona su riƙa ɗibar ƙasa da ruwa da amfanin gona ana aunawa kowace shekara, a buga sakamako da Hausa. Ku kuma akawuna, a zamanin En'e babu ƙauyen da ya kuɓuce wa littafin haraji. Ku rubuta asalin kayan da ke shigowa kasuwa da irin wannan himma. Malaman makaranta su sa yara su zana lambuna da magudanun unguwarsu. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu, amin.