FILIN KIMIYYA: Dutsen Da Ke Ɗinke Rauninsa

Babbar matsalar da ta addabi ƙasashe masu tashoshin nukiliya ita ce inda za su adana dattin da ke fitowa. Sinadarin fulutoniyam-239 sai ya shekara 24,100 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. To, wane mazubi zai daɗe haka?

Masana sun mai da hankali ga wani dutse na jinsin fosfet mai suna monazayit, irin wanda ake samu a tarkacen haƙar kuza a Jos. Cikinsa akwai toriyam da yuraniyam, waɗanda ke harba ƙwayoyi masu rusa tsarin dutse, har ya kumbura, ya tsage, ruwa ya sami mashiga. Haka kan faru ga dutsen zarkon. Amma monazayit, ko ya shekara miliyoyi, da wuya a same shi a rushe.

Tun ƙarshen shekarun 1970 masanan Oak Ridge a Amurka suka soma haɗa irinsa, su gasa shi kamar tangaran. Da yake ba mai iya jiran shekara dubu, akan yi masa ruwan ƙwayoyin iskar kirifton da na'ura, a yi ɓarnar ƙarnuka cikin sa'o'i.

Binciken da aka buga a 1997 ya nuna lalle yana rushewa in da sanyi. Amma zafin da bai kai digiri 250 ba ya isa ya riƙa gyara kansa. Zarkon kuwa sai an haura 700. Ga shi kuma dattin nukiliya da kansa yana fid da zafi.