RA'AYINMU: ƘIBA KO KUMBURI?

Akwai kalmomi biyu na Turanci waɗanda ɗalibi ba ya wuni bai ji su a aji ba, ma'aikacin gwamnati kuma ba ya rubuta rahoto bai sa su ba, watau "growth" da "development". Sau da yawa masu fassara sukan haɗa su wuri ɗaya su ce "ci gaba", su wuce abinsu. A ganinmu wannan sakaci ne, kuma irin sakacin da yake cin rai.

"Growth" ƙaruwa ce ta adadi: kuɗi su yawaita, kasuwa ta cika. Da mudu da sikeli ake auna ta. "Development" kuwa kyautatuwar rayuwar ɗan Adam ce, a jikin mutane ake ganinta. Tun a 1969 Dudley Seers, masanin tattalin arziki na Ingila, ya nuna cewa abu uku za a duba: talauci, rashin aikin yi, da ratar da ke tsakanin mai shi da maras shi. Muddin waɗannan suna ƙaruwa, ko da dukiyar ƙasa ta ninka, ba a ci gaba ba.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Da farashin zinariya ya hau a kasuwannin duniya, jama'ar ƙasar Anka da Bukkuyum suka duƙufa ga haƙar ma'adini. Kuɗi suka shigo ƙauyuka, wannan gaskiya ne. Amma duwatsun da ake kawowa gida ana dakawa, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, cike suke da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida inda yara suke rarrafe. A shekarar 2010 asiri ya tonu a Dareta da Abare da 'Yargalma, yara fiye da 400 suka rasu. Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Wanda ya ƙidaya kuɗi kaɗai zai ce an samu "growth", kuma bai yi ƙarya ba. Bahaushe dai ya riga ya raɗa wa abin suna: ci gaban mai haƙan rijiya.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna fadamun Gummi da ke bakin Gulbin Zamfara. Yawan buhunan shinkafa bai isa hujja ba. A tambaya: manomin yana zuwa gonarsa ba fargaba? Akwai magani a asibitin garinsu? 'Yarsa tana makaranta?

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai da matasan ma'aikata, waɗanda gobe su ne za su tsara kasafin kuɗi, da su raba kalmomin nan biyu. A ce "ƙaruwa" inda adadi ne ya ƙaru, a ajiye "ci gaba" sai inda talaka ya gani a ƙwaryarsa. Likitan da bai san bambancin ƙiba da kumburi ba, majinyacinsa yana cikin haɗari.